Notin Baba a Hoton Nusaiba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Haruna mai gyaran talabijin na Dilimi, wanda mutanen layinmu ke kira Injiniya duk da bai taɓa zama ajin injiniyanci ba. Da damina ya rasu, irin lokacin nan da ruwa ke wuni yana zuba a Jos, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan soya waina in raba wa yaran unguwa, in yi masa addu'a, shi ke nan. Bana na ce sai na rubuta, saboda wani abu da ya sami 'yata wata biyu da suka wuce. Karatuna bai yi nisa ba, a aji biyu na ƙaramar sakandare na tsaya. Wanda ya san ilimin nan idan ya ga na karkace, ya yi min uzuri. Yadda Baba ya gaya min nake faɗa.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, mutum uku ba sa zama a sake. Talabijin irin na da, masu ƙaton baya, a jere har rufi, wasu an cire musu murfi, cikinsu a waje. Ƙaurin dalma da yake narkawa yana kama kaya, har a hijabina na Islamiyya. Yana da wani ɓallin madubi da yake jinginawa a gaban talabijin, don yana aiki ta baya yana ganin abin da fuskar ke nunawa. Ni ce ke kai masa abincin rana idan an tashi makaranta, kuma ba na saurin komawa gida. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, saboda haka Uwata yake kirana.

Wata rana, ina 'yar shekara tara ko goma, na tambaye shi ta ina mutanen nan ke shiga akwatin. Na leƙa ciki sau da yawa, ban ga komai ba sai wayoyi da wata ƙatuwar kwalba mai siririn wuya. Bai yi min dariya ba. Ya ajiye cokali, ya nuna min ƙarshen wuyan kwalbar, inda wani ɗan siririn abu ke yin ja kamar garwashi idan an kunna. Ya ce idan abin nan ya yi zafi yakan saki wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, shi 'ya'yan wuta yake ce musu. A inda aka haife su ba su da wani kuzari, suna shawagi ne kawai. To can gaban kwalbar an tara wuta mai ƙarfin gaske, dubbai da dubbai, ita ce ke jan su. Cikin kwalbar kuwa babu ko iska, an zuƙe ta tas, babu abin da zai tare su. Su taso a hankali, gudu ya yi ta ƙaruwa, kafin su iso gaba sun cika da ƙarfi. Sai su daki wata hoda da aka shafa a bayan gilashin, duk inda suka daka ya yi haske. Hasken nan shi ne mai karanta labarai, shi ne 'yan ƙwallo.

Na ce ban gane inda suke samo ƙarfin ba, tunda ba su ci komai a hanya ba. Ya ce wannan ita ce tambayar. Ya jawo gwangwanin madara da yake tara notuna da ƙusoshi a ciki, ya lalubo ƙwallon boris guda. Ya jingina wani guntun katako a kan bulo, ya ajiye fankon ashana a ƙasa, ya saki boris ɗin daga sama. Ya gangaro ya ture fankon kamar taƙi ɗaya. Ya ƙara bulo na biyu, ya sake saki. Wannan karon fankon ya tafi har ƙarƙashin benci.

"Kin gani, Uwata? Boris ɗin bai canza ba. Tudun ne ya ƙara tsayi. Abin da mita ke aunawa ke nan idan na ce wuta kaza, tsayin tudu ne."

Sannan ya ɗauko dogon katako ya jingina a kan bulo biyun nan, gangaren ya kwanta sosai. Na rantse masa wannan karon ba zai yi ƙarfi ba. Boris ɗin ya ɗan daɗe a hanya, amma da ya iso sai da ya kai fankon kusan inda ya kai shi ɗazu. Baba ya ce nisan hanya ba shi ne magana ba, daga ina ka taso, ina ka sauka, iyakar abin da za ka samu ke nan. Ya ƙara da cewa in lura da masu baro a kasuwar Farin Gada: wanda ya ɗauko buhu biyu na dankali, idan ya shiga gangare ɗaya da mai buhu ɗaya, shi ne ba a tsaya masa a gaba. Haka ƙwayar da ta fi ɗaukar caji take fin tara ƙarfi a kan tudu ɗaya. Ban sake ganin baro a gangare ban tuna da shi ba.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan zama a raina, wato yadda yake buɗe talabijin. Ko an kawo ta daga wani gari, ko ta wuni ba a jona ta ba, ba ya taɓa kwalbar sai ya yi abu ɗaya. Ya ɗaura waya a jikin sukundireba, ya maƙala ɗaya bakin a ƙarfen jikin talabijin, ya cusa hannun hagunsa a aljihu, sannan ya zura bakin sukundirebar ƙarƙashin wata roba da ke manne a bayan kwalbar. Sai a ji tas. Wani lokaci har da ɗan tartsatsi. Ya sake yi karo na biyu, ko an ji ƙara ko ba a ji ba. Yana da tabo a gwiwar hannu, na ranar da yana saurayi ya yi ganganci kwalba ta yi jifa da shi ya daki ƙofa. Idan mai talabijin ya miƙa hannu zai nuna masa inda matsalar take, Baba ya kaɗe hannun ba ko sannu, komai girman mutum. Kullum maganarsa guda ce: an kashe ta, amma wutar na ciki.

Ba jin tsoronta yake ba, wannan sai daga baya na gane. Yana aiki yana 'yar waƙarsa, yana tsokanar mai shayin da ke kusa da shi. Ya dai san inda wutar take kwana, ya san yadda ake sallamarta.

Kafin ya rasu aikin ya riga ya ja baya. Talabijin masu faɗi suka shigo, sirara kamar faranti, babu kwalba babu wuya. Ya koyi gyaransu daidai gwargwado, amma yakan ce waɗannan ba a gyara su, canza musu allo kawai ake yi. Yau da zai dawo Dilimi, ban san me zai ce ba idan ya ga shagonsa ya koma wurin cajin waya da sayar da kati, ga faifan sola a kan rufi, ga kowa da talabijin ɗinsa a tafin hannu. Ina jin haushin zai yi masa kwana biyu, a na uku a gan shi ya kwance bayan wata waya yana neman inda tudun yake. Da aka raba kayansa, yayyena maza suka ɗauki mita da kayan aiki. Ni gwangwanin madarar nan na roƙa. Babu wanda ya yi min gardama.

Yanzu ina aure a unguwar Dutse Uku, nan cikin Jos. Maigidana direban mota ne, yana ɗaukar kayan gwari daga Farin Gada zuwa kudu, yakan kwana huɗu ko biyar bai dawo ba. 'Yarmu ɗaya, Nusaiba, shekararta uku. Ba ta san Baba ba, bayan rasuwarsa da daɗewa aka haife ta. Ni kuwa uwa ce mai fargaba, ba sai an gaya min ba. Duk soket ɗin ɗakina na liƙe da salatif. Idan ta yi tari sau biyu na fara taɓa goshinta. Surukata, Hajiya, wadda muke gida ɗaya, takan ce da ana sayar da fargaba da na gina bene.

Duk da haka ni ce na bar gwangwanin a ƙasa. Ranar ana yayyafi tun safe, Nusaiba ba ta fita wasa ba, ta dame ni da kuka. Na zazzage mata kayan ciki a tabarma, muna ware manya da ƙanana, ina gaya mata na kakanta ne. Ruwan tuwo ya tafasa, na tashi na leƙa murhu. Ko minti biyu ban yi ba na ji tana kakari. Na dawo na same ta idanu sun yi ja, tana haɗiyar yawu da ƙyar, tana nuna min wuyanta. Na san kayan gwangwanin nan kamar yatsuna. Akwai ƙananan notuna huɗu masu ruwan tagulla, na ga uku. Na kakkaɓe tabarma, na duba ƙarƙashin gado, na duba cikin rigarta. Babu.

Hajiya ta ce a ba ta ayaba da manja, zai wuce, 'ya'yanta sun haɗiye abin da ya fi haka. Na ce a'a, asibiti za mu. Na goya Nusaiba, ni da Hajiya muka tari keke. Likitan da ya gan mu ya saurari ƙirjinta, ya duba maƙogwaronta, ya ce numfashinta lafiya lau, amma ba zai iya cewa ga inda notin ya tsaya ba sai an ɗauki hoto. In ya sauka ciki, da sauƙi. In ya maƙale a hanya, dole a ciro shi yau, ba a bari ya kwana. Ya rubuta takarda ya ce mu je ɗakin hoto.

A ƙofar ɗakin nan na ja na tsaya. Akwai alamar gargaɗi a jikin ƙofar, da jar fitila a sama. Da aka buɗe wani ya fito, na hango injin, ga wasu wayoyi biyu masu kauri kamar hannuna sun shiga kansa. Na san irin wayar nan. Ƙaramarta ce ke zuwa bayan kwalbar Baba, mai kai babbar wuta. Hajiya tana gefe tana faɗin ta ji ana cewa hoton nan yana shanye jinin yaro, 'ya mace ma yakan hana ta haihuwa. Maganarta ba ta dame ni sosai ba. Abin da ke kaina muryar Baba ce: an kashe ta, amma wutar na ciki. Na ce a raina, idan kwalbar gilashi tana riƙe wuta bayan an kashe, to jikin yarinya fa? Za a harba mata abin nan, mu koma gida da shi a ƙirjinta, kuma babu sukundirebar da za a zura a sauke. Aka kira sunanta sau biyu, na yi kamar ban ji ba. Har na fara gyara goyo zan juya.

Mai ɗaukar hoton ta fito da kanta. Wata mata ce 'yar nan Filato, ta manyanta, da gilashi rataye a wuya, Madam Kaneng ake ce mata. Ta dube ni, ta dubi takardar hannuna.

"Maman yarinya, ke ne ana kira tun ɗazu. Yaya, tsoro ne?"

Na ce, "Anti, tambaya gare ni. Wutar da za ki sa mata, idan kin kashe injin, ta ina za ta fita daga jikinta?"

Ta ce a shekarun da ta yi tana aikin nan an yi mata tambayoyi iri-iri, amma ba a taɓa yi mata wannan ba. Wa ya gaya min wuta na zama? Na ce babana mai gyaran talabijin ne, na ba ta labarin tas ɗin nan, da hannu a aljihu. Sai ta yi dariya, ta kama hannuna ta ja ni ciki, ta ce ashe 'yar gida ce. Ta nuna min kan injin ta ce akwai kwalba a ciki, ƙanwar ta babana ce, ko ma yayarta. Ɗan abu mai zafi yana sakin ƙwayoyi, babbar wuta tana jan su, suna tara ƙarfi a hanya. Bambancin kawai, a nan ba hoda suke daka ba, wani ƙarfe ne, kuma hasken da ke fitowa ido ba ya ganinsa. Yana ratsa tsoka, ƙashi da ƙarfe ne ke tare shi. Ƙwayoyin kansu ba sa fitowa daga kwalbar, ko ɗaya ba ya taɓa yarinya. Sannan ta tambaye ni, lokacin da babana ke kashe talabijin, hoton yana zama a bangon shago? Yana zama a fuskata?

Sai na tuna yadda hoton ke tattarewa ya koma ɗigo fari a tsakiyar gilashi, ɗigon ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace, ɗaki ya koma yadda yake. Na tuna boris ɗin kwance a ƙasa bayan ya ture fankon ashana, na sha ɗaukarsa da hannuna, ba ya da sauran komai. Abin da Baba ke saukewa da sukundireba tudun ne, wutar da aka tara a jikin kwalba. Abin da ya riga ya gangaro ya daki inda zai daka, nasa ya ƙare a nan. Shekara goma sha biyar ina riƙe da maganar nan, ashe rabinta na riƙe.

Ban saki jiki duka ba, halina ne. Da ta miƙo min wata riga mai nauyi ta ce in sa tunda ni zan riƙe yarinyar, bayan ta tambaye ni ko ina da ciki, sai na ce in babu illa, rigar ta mece ce, kuma me ya sa ita za ta koma bayan bango. Ba ta ɓoye min ba. Ta ce hasken nan ba abin wasa ba ne, ba a yi wa mutum shi haka kawai, kuma ita kullum tana ɗakin, shi ya sa take kaucewa. Amma sau ɗaya, a aune, don a san inda ƙarfe ya tsaya a jikin yaro, rashin yin sa ya fi yin sa haɗari nesa ba kusa ba. Na ce to tudun nawa za ta ba ta. Ta ce wane tudu? Na yi mata bayanin bulo ɗaya da bulo biyu. Ta nuna min lambobin da ke gabanta, ta ce na ƙaton da ya fita yanzu ga inda ta kai shi, ta rage a kan idona, ta ce wannan na Nusaiba ne, bulo ɗaya.

Wannan amsar ce ta kwantar min da hankali, fiye da a ce min babu komai. Na ga mace ce da ta san inda wutar take kwana.

Na kwantar da Nusaiba, na riƙe hannayenta, na ce ta kalli fitila. Injin ya ɗan yi ƙara, bai kai ƙiftawar ido biyu ba, aka ce an gama. Hajiya da ke waje ta ce ita ta ɗauka za a daɗe.

Likita ya ɗaga hoton a gaban haske. Ga haƙarƙarinta sirara a jere kamar na ɗan tsako, ga ƙashin baya, ga kuma notin can ƙasa ta hagu, fari fat, har ramin tsakiyarsa ana gani. Ya ce ya riga ya sauka ciki, ƙarami ne, ba shi da kaifi. Mu je gida, ta ci abincinta yadda ta saba, in riƙa duba bayan gidanta, in ta yi amai ko ciwon ciki ko na ga jini in dawo da ita nan take. Kwana biyu ina bin fo da tsinke. Hajiya na wucewa tana toshe hanci tana cewa kakanninmu kuza suka zo haƙa Jos, ni ga abin da na gada. Rana ta uku da hantsi na ji tsinken ya taɓa ƙarfe. Na wanke shi da omo, na tafasa shi, na mayar cikin 'yan uwansa uku. Gwangwanin yanzu yana saman kabad, inda ni ma sai na taka kujera. Hajiya har yau tana cewa ayabar da ta ba ta a ɓoye ce ta yi aikin, ni kuma ban musa mata ba.

Da maigidana ya dawo na ba shi labari, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce ashe duk surutun Injiniya da nake yi masa akwai ranarsa.

Nakan zauna in auna abin da ya rage na Baba. Shagon ya tafi. Irin talabijin da ya ƙare rayuwarsa a kansu, 'yan gwangwan ne ke fasa su yanzu suna cire tagulla. Fargabata ma ba ta tafi ba, salatif na nan a kan soket, kuma jiya sau uku na taɓa goshin Nusaiba. Abin da ya canza ɗan kaɗan ne: idan tsoro ya kama ni yanzu, nakan tambayi kaina ina wutar take, nawa ce, wa ya auna ta. Da Baba ya ga yadda na tsaya a ƙofar nan ina shirin guduwa da jikarsa saboda maganarsa, na san zai riƙe haɓa ya ce, Uwata, ai ba haka na ce ba. Da ya ga na shiga, ina jin zai tsaya ya yi ta yi wa Madam Kaneng tambayoyi har a kore shi.

Baba ba mai son ɗaukar hoto ba ne. Wanda muke da shi guda ɗaya ne, na katin shaida, ya ɗaure fuska kamar an yi masa laifi. Nusaiba kuwa wayata cike take da hotunanta. Ban taɓa zaton zan sami wanda ya haɗa su ba. Yana cikin babbar ambulan ɗinsa a ƙasan akwatina. Ranar da na soya wainar bana, bayan yara sun watse, na ciro shi na ɗaga a taga. Nusaiba ta hau cinyata, ta sa yatsa a kan farin ɗigon ta ce wannan mene ne. Na ce na kakanki ne. Ta ce shi ya ba ta? Na ce a'a, ke kika ɗauka, amma shi ya taimaka muka gano inda yake.

Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya haskaka kabarinsa.